Na Ce Inna Ta Yi Maneji

Akwai wata kalmar Turanci da ta shigo garinmu baƙuwa, muka shimfiɗa mata tabarma, ta zauna har ta fi 'yan gida sanin lunguna. Maneji nake nufi. Malaminmu na Turanci a sakandare, wani dogo da kullum hannun rigarsa ke fari da alli, ya taɓa cika mana allo da ma'anoninta: tafiyar da ma'aikata, kula da mutane, samun nasarar yin abu mai wuya. Daga jikinta, in ji shi, aka ciro manaja. Muka rubuta, muka haddace, muka ci jarrabawa. Da muka fito titi sai muka tarar mutanen Gumel sun riga sun ba ta wasu ayyukan da malam bai san da su ba.

Ranar Alhamis in za ka kasuwar Maigatari, direba zai zuba mutum huɗu a baya, biyu a gaba, sannan ya hango wani a bakin hanya riƙe da akuya, sai ya waiwayo ya ce a yi maneji. A nan abin da ake nufi shi ne ka ba da rabin cinyarka. Mai faci zai duba tayar da ta sha faci har ba a gane asalin robarta, ya buga ta da tafin hannu ya ce za ta yi maneji zuwa Gagarawa, wato in ta fashe a gaba da nan ba ruwansa. In matata ta ce yau miyar maneji ce, na san ba sai na wahalar da cokali wajen neman nama ba. A ofis kuwa gaisuwa ce kawai: yaya aiki, muna maneji. Har fataken Damagaram, da ke da tasu ta Faransanci, na ji suna aron tamu in ciniki ya yi tsami.

Ni kuwa na fi kowa riƙon ta. Abokan aikina a sakatariya har tsokanata suke yi, wai da ita nake buɗe baki da safe. Kujerar ofishina ƙafa uku gare ta, bulo ne na huɗun, shekara biyar ina zaune a kanta ina alfahari. A ganina wayo ne, dattaku ne, mutum ya iya zama da abin da ya lalace bai yi ƙorafi ba. Yanzu ba na iya furta kalmar, in na ji ta a bakin wani ma sai gabana ya faɗi. Dalili kuwa idon Innata ne.

Ni ɗan fari ne, a rugarmu da ke bayan Ɗanzomo, kuma wanda ya san Fulaninmu ya san abin da hakan ke nufi. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni. A ɗakinta na girma, taku ashirin daga ɗakin Inna, amma sai ka ce wani gari. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta zama inda nake zaune, ba ta miƙo mini abu hannu da hannu, ba ta kallon fuskata. In na durƙusa a ƙofar ɗakinta na gaishe ta, takan amsa a taƙaice, idonta na kan ƙwaryar da ke gabanta. Da ina yaro ni ne "wancan". Da na sami aiki na zama "na Gumel". In tana da magana da ni, autarmu take gaya wa, wata ƙanwata da ke aure a rugar da ke maƙwabtaka da tamu, kullum kuma tana gida. Ina zaune ina ji za ta faɗa, ita kuma auta ta juyo ta maimaita mini kamar kurma ne ni. Mutanen gari in na ba su labari sukan ce wannan ai ƙiyayya ce. Nakan yi musu dariya. Ni na san wanda ke ajiye mini kindirmon da ya fi kauri, na kuma san wanda ke tare direbobi yana tambayar ko sun gan ni, ko na rame.

Da damina ne, shekara uku ke nan, na je gida ranar wata Asabar. Ina zaune a inuwa ni da auta, Inna ta fito da ƙwaryar nono za ta wuce, sai ta yi karo da turken maraƙi. Turken nan yana wurin tun kafin a haifi auta. Rabin nonon ya zube. Ta tsaya tana kallon ƙasa, sannan ta ce wa auta da Fillanci, kwanan nan idonta na hagu abin da ke gabanta sak kawai yake gani, gefe duhu ne, kuma da yamma kanta yakan sara. Sau ɗaya ta faɗa, ta shige ɗaki.

Ya kamata in gane. Matar da ta haifi auta ita kaɗai a ɗaki ba wanda ya ji nishinta, matar da kunama ta harba ta gama tatsar shanu tsaf kafin ta gaya wa kowa, in ta buɗe baki ta ambaci ciwo a gaban ɗan farinta, to ihu ta yi. Na san wannan tun kafin in san baƙi da wasali. Amma shekara ashirin a gari sun toshe mini kunne. A gari sai mutum ya faɗi ciwonsa sau goma, ya bugo waya, ya aiko, ya sake aikowa, sannan ka yarda da gaske yake. Na auna maganar Inna da mudun gari, na ga ba ta cika ba.

Ga uzurori kuma, ba na rasa su. Ana tantance ma'aikata a lokacin, kullum sai a ce gobe masu dubawa za su zo, kowa ya tsaya da takardunsa. Gonata ta gero na jiran maimai. Hanyar ruga ta cika da ruwa, mota ba ta shiga. Da na koma Gumel na shiga wani kemis, na kwatanta wa mai shagon, bai ko bari na gama ba ya miƙo mini wata 'yar kwalbar maganin ɗigawa. Ya ce shi kowa ke saye, yana wanke ido tas. Asabar ta gaba na kai, na miƙa wa auta a ƙofar ɗakin Inna.

"Ki ce mata ta yi maneji da wannan," na ce. "In an yi kaka an sarara, sai in kai ta asibiti a duba."

Auta ta juya ta maimaita da Fillanci, amma ta bar kalmar yadda take, don ba ta sami wadda za ta sa a gurbinta ba. Daga cikin ɗaki Inna ta tambayi mene ne kuma maneji. Auta ta ɗan yi tunani, ta ce haƙuri da abin da aka samu har a sami wani. Inna ta ce to, ai wannan sun iya. Wallahi har dariya na yi. Na hau babur ina jin daɗi wai na koya wa Inna Turanci, ranar Litinin kuma na ba da labarin a ofis aka yi ta ƙyaƙyatawa.

Kaka ta zo ta wuce. Aka yanke gero, aka ɗaure dammuna, aka cika rumbu. Ban manta da alkawarin ba, kada in yi wa kaina ƙarya, ture shi gefe na yi. Na ce ai da abin ya yi tsanani da an faɗa. In na je gaisuwa nakan tambayi auta yaya idon, ta dubi ƙofar ɗakin Inna, ta ce da sauƙi. Ni kuwa abin da na zo ji ke nan, sai in karɓa in sa aljihu in kama hanya.

Akwai wani direba ɗan Sule Tankarkar da ke bi ta Ɗanzomo, shi ke kawo mini saƙo daga gida. Wata rana ya kawo mini man shanu kamar yadda aka saba, sai na ga an ɗaura 'yar kwalbar maganin nan da zare a wuyan gorar, babu ko ɗigo a ciki. Na ce a raina, kai, Inna akwai dabara, ga wasiƙa ba tawada. Na sayi sabuwa na ba shi ya mayar. Bayan wata biyu wata ta sake zuwa, na sake saye. Haka muka yi ta yi, ita tana aiko fanko, ni ina aika cikakkiya. Har yabon kaina nake yi a gaban matata, wai ni ne ɗan da maganin uwarsa ba ya yankewa. Kwalba bakwai muka yi musaya a haka.

Rani na biyu bayan maganar turke, ina zaune a ofis aka ce ana sallama da ni. Na fito na ga auta tsaye a rana da goyo, ƙafafunta sun yi futu-futu. Ba ta taɓa zuwa Gumel ba sai in an aiko ta. Na ce ta shigo ta zauna, ta ƙi. A tsaye ta gaya mini cewa Inna ta daina tatsa tun watanni, don ba ta ganin bakin ƙwarya. Igiyar ɗaure maruƙa aka ja mata daga ƙofar ɗaki zuwa bayan gida, ita take bi. In an ji ƙarar babur ɗina daga nesa sai a kwance igiyar a ɓoye, Inna ta shiga ɗaki ta zauna. Da yake dama ba ta cika fitowa ba in ina nan, kuma dama ba ta kallona, ban ga abin da ya canja ba. Sau nawa na durƙusa a ƙofar nan na gaishe da makauniya, na tashi ina cewa jiki ya yi kyau.

Na hau auta da faɗa, don faɗa ya fi mini sauƙi. Na ce me ya hana ta faɗa mini, ba ga waya ba, ba ga direba ba. Yarinyar da na goya a bayana ta dube ni ido cikin ido.

"Yaya, ita ta hana ni. Ta ce ta faɗa sau ɗaya a gabanka, ka ji, ka ba da amsa. Ka ce sai an sarara, in ba ka zo ba to ba ka sarara ba ne. Kwalaben nan da take aiko maka ba magani take nema ba. Tuna maka take yi."

Na koma ciki na ɗauki makullin babur, ko izini ban nema ba.

Washegari na ɗauki shatar mota zuwa wani asibitin ido a Kano. Ranar ce rana ta farko a rayuwata da na shiga mota ɗaya da Inna. Ni a gaba, ita da auta a baya, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Direba ya yi ta jan mu da hira, da ya ga ba mai tanka masa ya kunna rediyo. Ta madubi na yi ta satar kallonta. Idanun a buɗe suke, farare tas, babu ja babu kwantsa, wanda bai sani ba zai rantse tana kallon gonaki ne. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan, don da na ga yanar ido ko kumburi da na ce abin cirewa ne.

Likitan matashi ne, bai kai ni shekaru ba. Ya haska, ya gwada, ya sake haskawa. Ya tambayi tun yaushe, auta ta faɗa. Ya tambayi abin da ake sa mata, na ciro kwalbar daga aljihu na miƙa masa. Ya karanta jikinta, ya ɗago ya dube ni, ya tambayi wa ya rubuta mata. Na ce ni na saya. Bai yi mini faɗa ba, kuma na so ya yi. Cikin Hausa mai sauƙi ya bayyana mana cewa ruwan cikin idon ne ya taru ya danne jijiyar gani, irin wannan magani kuwa in aka daɗe ana ɗigawa ba tare da gwaji ba ƙara matsin yake yi. Na hagu ya tafi gaba ɗaya. Na dama haske da duhu kawai yake rabewa. Ya ce da an kawo ta lokacin da ta fara ganin duhun gefe, da akwai kyakkyawan zaton a tsare na daman.

Na ce a yi mata aiki, ko nawa ne, muna da shanu. Ya girgiza kai.

"Jijiyar da ta mutu ba aikin da ke tayar da ita," ya ce. "Sai dai mu yi maneji, mu rage mata ciwon kan."

Wannan ma'anar malaminmu bai rubuta ta a allo ba, direbobin tasha ma ba su san ta ba. A bakin likita tana nufin an makara, a lallaɓa abin da ya rage. Inna na jin Hausa sarai, kuma ta tsinci kalmar a cikin maganarsa. Ta juya inda auta take ta ce, a hankali, a gaya wa likita kada ya damu, ai shi suke yi tun bara waccan. Babu gori a muryarta, ko kaɗan. Tana so ne ta kwantar wa baƙo hankali. Na fita waje na tsaya bayan wata mota na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka binne kakata.

Na ce ta dawo Gumel wurina, ga asibiti kusa, ga matata. Ta aiko auta ta ce mini ina aka taɓa ganin uwa ta tare a gidan ɗan fari, kuma ƙafarta ta san ruga, a gari sai ta zama kaya. Na durƙusa a ƙofar ɗakinta na ce auta ta roƙar mini gafara. Amsar ta fito tun kafin auta ta gama: ba a yi mata komai ba, ido na Allah ne, ya ba da aro ya karɓa. Yafewar nan ta fi mini zagi ciwo. Da ta tsine mini sau ɗaya da na sami abin riƙewa.

Na yi watanni ina neman wanda zan ɗora wa. Na zagi mai kemis a raina, har na daina bi ta layinsa. Na zagi kunyar Fulani, na ce wace irin al'ada ce za ta sa uwa ta makance da bakinta a rufe. Na zagi kalmar ita kanta, na ce baƙuwa ce ta shigo ta koya mana zama da ɓarna. Matata ta bar ni na gama, wata rana tana tsince shinkafa ta ce, ba tare da ta ɗago ba, ai kunyar nan a cikinta aka haife ni, na fi kowa sanin yadda ake jin maganarta. Na yi fushi da ita kwana biyu, saboda gaskiya ta faɗa. Inna ta yi magana da harshen da na sani. Ni ne na ga fahimtarsa za ta ɗauke mini kwana uku a Kano, na zaɓi in ƙi fahimta.

Yanzu duk Asabar ina ruga, ko ana ruwa ko ana rana. An daina kwance igiya in na zo. Wani abu kuma ya canja wanda ban san ko in yi murna da shi ba. Inna takan zauna a waje ko ina nan, fuskarta kuma takan juyo inda muryata take, ta tsaya a kaina sosai, abin da ba ta taɓa yi ba lokacin da take gani. Sai yanzu na san fuskar uwata daga gaba. Akwai wani ɗan tabo a ƙasan leɓenta da na kai shekara arba'in da shida ban san da shi ba.

Watan jiya muna zaune da hantsi, ita da auta suna ɓarar gyaɗa, don wannan hannu ke yi ba ido ba. Zafi ya dame ni na cire hula na ɗora a gwiwa. Auta ta dube ni ta fashe da dariya, ta ce ashe abin da nake ɓoyewa ke nan, kai ya zama gonar auduga, wai in daina cewa ni yaro ne a ofis. Na ce ta kiyaye ni, ita ma tana tafe. Sai na lura hannun Inna ya tsaya a cikin faifai.

"Na Gumel ya yi furfura?" ta tambaya.

Auta ta ce har gemu.

Inna ta riƙe gyaɗa ɗaya a tsakanin yatsunta ba ta fasa ba. Can ta ce, ranar da kakata ta zo ɗaukata bayan yaye, ta same ta tana kuka a bayan ɗaki. Tsohuwar ta ce mata ta yi haƙuri, kunyar ɗan fari ba ta har abada ba ce, ranar da ya yi furfura ta ƙare, ta zaunar da shi a gabanta ta kalle shi son ranta.

"Ita nake jira," ta ce.

Auta ta sunkuyar da kai. Inna ta tambaye ta ta wane gefe furfurar ta fara fitowa, auta ta tashi ta shige bayan ɗaki da faifanta. Muka rage mu biyu. Na ce mata ta gefen dama, saman kunne.

Ta gyaɗa kai, ta fasa gyaɗar da ke hannunta.

"Haka ta babanka ta fara," ta ce.